Ranar da Hikmet Usta Ya Girgiza Unguwa

Duk wanda ya taɓa zama a gidan shayin Zekeriya ya ji labarin mutanen da Hikmet Usta ya ciro daga ƙarƙashin gini a babbar girgizar ƙasa. Adadin ne dai ba ya zama wuri ɗaya. Da safe mutum bakwai ne. In wani ya saya masa shayi na biyu sai su koma goma sha tara, har da wata mai ciki da akuyarta. Tsofaffin unguwar Kawakli kuwa sun san sarai sai bayan girgizar da shekara biyu Hikmet ya sauka garin nan da akwatinsa, ya kama aikin kiran fasinja a tashar mota. Amma wa zai tsaya gardama da mutumin da ya yi shekara talatin yana kwarara ihun sunayen garuruwa? Ko "Usta" ɗin da ake kiran gwanayen sana'a da shi, shi ya laƙaba wa kansa, alhali bai taɓa kafa ƙusa ta tsaya daidai ba.

Bayan murya, abin taƙamarsa na biyu laya ce. Matarsa Remziye ba ta barin falmaran ɗinsa ko ɗaya sai ta ɗinke masa wani ɗan ƙulli a ciki, wajen haƙarƙarin hagu. In za ta wanke ta warware, in ta goge ta mayar. Hikmet yakan buga wurin da tafin hannu ya ce, "Kun ga wannan? Tsoro take kar matan gari su ƙwace ni. Shekara ashirin da takwas, har yau hankalinta bai kwanta ba!"

Zekeriya ya ce, "Allah ya ba ta haƙuri, Usta. Da ni ne ita, da layar da za ta sa a zo a ɗauke ka zan nema."

Wata Asabar cikin kaka, lokacin da rufin kowane gida ya cika da farantan markaɗen tumatir ana shanyawa don hunturu, mai unguwa Rifki Bey ya shigo gidan shayi da wata riga mai ruwan lemo a cikin leda. Ya ce an aiko a ba mutum ɗaya a kowace unguwa, wanda zai riƙa koya wa jama'a shirin girgiza, tunda tsagar ƙarƙashin ƙasa da garin ke zaune a kai ba barci ta yi ba, hutawa take. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai faɗi wanda za a ba.

Hikmet ya miƙe har kujera ta faɗi. "Me za a jira har Juma'a? Miƙo ta nan, dama kamar an gwada da jikina."

Rifki Bey ya mayar da rigar cikin leda a hankali. "Mu ga naka gidan tukuna, Usta. Mu kuma ga ko in ka ce a fito, mutane za su fito."

Tun daga ranar Hikmet bai sake ganin komai a duniya ba sai rigar nan. Ya sayo injin huda bango da ƙusoshi masu zare, dogaye kamar yatsa biyu a haɗe, har guda ɗari biyu. Ya shigo gida ya ce da Remziye, "Hanim, uwargida, matsa gefe. Yau gidan nan zai san akwai namiji a ciki."

Remziye tana zaune tana cusa kabeji da ɗanyen tumatir a kwalabe. Ko kai ba ta ɗaga ba. Mace ce mai ƙarancin magana, abin da ya sa Hikmet yake ɗauka kullum ta yarda da shi.

Ya fara da kabad ɗin falo. Inji ya yi ƙara, ƙura ta tashi, ƙusa ta shige har wuya. Bai gama yaba wa kansa ba sai aka hau dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Nezaket Hanim ce, gwauruwar da bango ɗaya ya raba su, riƙe da hoton marigayi mijinta. Gilashin ya tarwatse, ga huji a tsakiyar hancin marigayin.

"Hikmet! Me bawan Allahn nan ya tare maka? Shekara sittin ya yi a duniya ba wanda ya taɓa masa hanci, sai da ya kwanta dama za ka biyo shi ta bango?"

"Haba Nezaket Hanim, ai taimakonki na yi. Yanzu ƙusa ɗaya ta riƙe gida biyu. Ki rataya shi a nan, ko ƙasa ta kife ba zai faɗo ba."

"Kai zan rataya a nan, in ka sake!"

Ya koma kan firji, ya ɗaure shi da bel ɗin mota ya zagaye tam. Sai da Remziye ta zo ɗaukar cuku aka gane har ƙofar ya haɗa ya ɗaure. Ya ce ai da gangan ne, don kar ƙwai ya zube. A banɗaki injin ya gamu da wani abu mai tauri a cikin bango, ya yi wani irin kuka, wurin ya fara tsattsafo da ruwa. Hikmet ya duba hagu da dama, ya liƙe da salatif, ya rataya tawul a kai.

Saura babban sif ɗin katako da ke tsaye a siririn lungun da ke fuskantar ƙofar banɗaki, wanda barguna da katifun baƙi suka cika shi har sama. Da ya hau kujera sai ya tarar da wasu tsofaffin ƙarafa biyu baƙaƙe sun riga sun kama kan sif ɗin da bango.

Nan ne Remziye ta ajiye kwalba. "Bey, maigida, waɗannan ka bar su. Ni na sa kafinta ya kafa su tun shekarar da muka tare."

"Waɗannan? Tsatsa ce kawai ke riƙe da su. Aikin da ne, Hanim, yanzu ilimi ya ci gaba."

"Ka bar su, na ce."

Bai bari ba. Rabin yini ya kwashe yana gumi kafin ya ɓamɓare su, don sun kama gini kamar tare aka zuba su, amma ko wannan bai sa ya yi tunani ba. Nasa sababbi masu ƙyalli kuwa suka shige sumul kamar cokali a man shanu, domin a ramin bulo ya soka su. Shi ya ɗauka ƙarfin damtsensa ne. Remziye ta tsince tsofaffin ƙarafan ta adana a aljihun tebur.

Ranar Talata ya haɗa jakar gaggawa. Ya sa tukunyar shayi mai hawa biyu, da allon dara, da bargo uku, da hotonsa na aikin soja, da kankana. Ya saɓa ta, ta mayar da shi ƙasa zaune. Ranar Laraba ya ari lasifikar mai tallar dankali, ya kifa hular kwanon babur, ya tsaya tsakiyar layi da hantsi don gwajin fita. Ya danna maɓalli, lasifika ta ɗauka da muryar mai ita: "Dankali! Albasa! Dankali ya zo!" Mata shida suka leƙo ta taga, biyu suka zuro kwanduna da igiya. Da ya samu ya kashe ta ya buɗe tasa muryar, "Girgiza! Kowa ya fito!" sai aka rufe tagogi ɗaya bayan ɗaya. Nezaket Hanim ce kaɗai ta tsaya, ta tambaye shi nawa ne kilo.

Rifki Bey yana ƙofar gidan shayi yana kallo, yana motsa sukari.

Abin ya yi wa Hikmet ciwo ƙwarai. Saura kwana biyu, riga na neman kuɓucewa. Yana tafe yana huci sai ya ji ƙasa na rawa a tafin ƙafarsa. A bayan layi ana gyaran titi, kuma mai tuƙa motar daɓe ba kowa ba ne illa Dursun, ƙanen Remziye, ƙato mai sanyin hali wanda bai iya cewa a'a ba. Hikmet ya tsaya yana kallon yadda tagogin shaguna ke karkarwa in motar ta kunna girgizarta, har murmushi ya suɓuce masa.

"Dursun, gobe da sha biyun rana ka shigo mana da ita layinmu, ka kunna mata rawar nan har ƙarshe."

"Yaya, mutane za su tsorata fa."

"Yo abin da ake nema ke nan! Mutanen nan ba sa jin magana sai ƙasa ta yi musu. Ni zan fito da hula da jaka, in jagorance su filin makaranta a jere, mai unguwa yana gani da idonsa. Kai dai ka yi ta kai da kawowa, kar ka kashe sai ka ga na ɗaga maka jan ƙyalle. Ko wa ya ce ka tsaya, kar ka kula."

"Yaya Remziye ta sani?"

"Maganar maza ce, me ya kawo ta ciki?"

Alhamis ta yi. Remziye ta haye rufi da sauran mata suna juya markaɗen tumatir. Hikmet ya sa falmaran, ya kifa hula, ya jingine jaka da lasifika a bakin ƙofa, ya cusa jan ƙyalle a aljihu. Don muryarsa ta washe ya shanye kofi uku na ruwan tsamin kabejin Remziye, ruwan da ko rabin kofi yakan aika mutum uzuri. Sha biyu saura minti biyar cikinsa ya murɗa. Ya duba agogo, ya ce akwai lokaci, ya faɗa banɗaki ya ja ƙofa.

Agogon Dursun kuwa yana gaba da minti huɗu.

Da farko buroshin haƙori ne ya fara rawa a kofi. Sai madubi. Sai gidan gaba ɗaya ya ɗauki wani gurnani daga ƙasa. Hikmet ya zabura yana laluben wando, sai ya ji wani ƙiiii a lungu, ƙusoshi masu ƙyalli suna zarewa daga bulo ɗaya bayan ɗaya, sannan rim! Sif ya kifo da katifunsa da bargunansa ya tokare ƙofar banɗaki, ƙofar da waje take buɗewa. Ya sa kafaɗa ya tura, ko motsi. Ya ja da baya ya sake bugawa, hular kwano ta rufto masa a ido. Bai gama gyara ta ba salatif ɗin bayan tawul ya sallama, ruwan sanyi ya feso masa a ƙeya. Ga magudanar ƙasa ta toshe da garin bulon da ya share ya tura ciki ranar da ya huda bangon.

Ta 'yar tagar iska da ke can sama, wadda ko kai ba ya shiga, yana jin unguwa ta kaure. Ƙafafu a matakala, ana kiran sunayen yara, wani yana cewa a rufe gas, wata tana cewa a riƙo tsohuwa. Ba wanda ya jira lasifika. Mutanen Kawakli sun san hanyar filin makaranta tun kafin Hikmet ya san garin.

"Jama'a! Ina nan! Ku jira jagora!" Ya saki muryar nan da ke kaiwa ƙarshen tasha, amma motar Dursun ta haɗiye ta ɗungurungum. Ya yi ta kira. Ya kira Remziye, ya kira Dursun, ya zagi Dursun, ya roƙi Dursun. Ya zaro jan ƙyalle yana kaɗa wa bango. Shi kuwa Dursun, mai riƙon amana, yana ta kai da kawowa a layi yana jiran alama. Minti ashirin ana haka. Ruwa ya rufe idon sawu, sanyi ya kama haƙora, murya ta fara tsagewa, ta dishe, daga nan ta ɗauke gaba ɗaya. Ya buɗe baki iska kawai ke fita.

Can motar ta yi shiru. Abin da ya tsayar da ita shi ne farantan tumatir huɗu da suka zamo daga rufi, uku a kan Dursun, ɗaya a kan Rifki Bey da ya zo tsayar da shi. Hikmet ya kasa kunne ta tagar iska.

"Wa ya sa ka? Faɗi!" Muryar mai unguwa ce.

"Yaya Hikmet ne. Ya ce gwaji ne. Ya ce sai ya ɗaga ƙyalle."

Wurin ya fashe da hayaniya. A cikin hayaniyar akwai muryar da ba ta faɗa ba ce, kuka ne, kukan Nezaket Hanim. "Gwaji? Ni da na binne 'ya'ya biyu rana ɗaya za a yi wa gwaji?" Wannan ta shige Hikmet fiye da ruwan sanyi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, ga shi ba bakin ba da haƙuri.

"Ina yake?"

"Ya gudu mana! Ta bayan layi zai bi ya faɗa tasha, duk direbobi abokansa ne."

"Ku zo mu tare shi kafin ya hau mota!"

Ya ji ƙafafu sun fara nisa. In sun same shi kashinsa ya bushe, in sun tafi kuma ga ruwa ya kai ƙwauri, ƙafafunsa sun daina jin komai. Ya buga ƙofa, katifu suka shanye ƙarar. Da dabara ta ƙare sai ya tuna Allah, ya tuna laya. Ya ce ko ba komai akwai addu'a a ciki, bari ya karanta da zuciya. Ya sa haƙori ya yage ɗinkin falmaran, ya warware ƙyalle, ya warware ledar da ke ciki.

Ba addu'a ba ce. Wani ɗan usur ne na ƙarfe, shafal, da 'yar takarda a naɗe. Rubutun Remziye ne: sunansa, da rukunin jininsa, da maganin hawan jinin da yake sha. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Kar ka yi ihu, murya ƙarewa take. Ka hura."

Hikmet ya daɗe yana kallon takardar, ruwa na zuba a hular kwano. Sannan ya sa usur a baki ya hura, ya sake hurawa.

A bakin layi Remziye ta tsaya cak. Ta ce, "Ku dawo. Yana gida." Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya juyo.

Maza shida ne suka ɗaga sif, Zekeriya ya rufe ruwa daga waje. Da ƙofa ta buɗe ruwa ya kwararo lungu, ga jagoran unguwa tsaye, hular babur a ka, wando a hannu ɗaya, usur a baki, yana rawar sanyi. Matakala cike da mutane har ƙasa. Rifki Bey, tumatir na ɗiga daga gashin bakinsa, ya dube shi sama da ƙasa.

"To Usta, ka ce a fito, kowa ya fito. Mutum ɗaya ne ya makara."

Hikmet ya buɗe baki zai kare kansa, usur ya yi fiit. Dariya ta ɓarke tun daga sama har bakin titi. Nezaket Hanim, da idanunta jajur, ta ratso mutane da takalmi a hannu, ta ɗaga, ta dube shi, sai ta sauke. "Ku ba shi bargo. In ya warke na dake shi da hujja."

Da mutane suka watse, Remziye ta zaunar da shi ta sa masa ƙafafu a ruwan ɗumi. Ya ɗaga usur ɗin yana tambayarta da ido.

Ta ce, "Kwana biyu na yi a ƙarƙashin gidanmu, ina da shekara sha tara. Ina jin masu tono suna wucewa ta kaina, ina kira, ba abin da ke fita. Innata tana gefena, ita ba ta kai kwana na biyun ba." Ta ƙara ruwan zafi a roba. "Kai kuma na san halinka. Minti goma za ka ƙarar da taka muryar."

Ya yi raɗa da ƙyar, "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Yaushe ka yi shiru?"

Ta tashi ta buɗe aljihun tebur, ta ɗauko tsofaffin ƙarafan nan biyu ta ajiye a gabansa. "Gobe kafinta zai zo. Kai za ka riƙe masa kujera."

Ranar Juma'a Rifki Bey ya kai rigar ruwan lemo har gida ya miƙa wa Remziye Hanim. Ta ɗaga ta, ta ce ta yi mata yawa, za ta rage. Hikmet ya bi gida gida yana ba da haƙuri da hannu a ƙirji, ya kai hoton marigayi aka gyara masa hanci, ya sayo tumatir kwando huɗu ya markaɗa da kansa, mata na tsaye suna gyara masa riƙon ludayi.

Sai bayan mako guda ya leƙa gidan shayi, murya ba ta gama dawowa ba. Kafin ya zauna Zekeriya ya tarbe shi da kofi. "Maraba da gwani! Usta, tuna mana, mutum nawa ne ma aka ciro?"

Hikmet ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna kansa.

"To ina labarin laya? Matan gari sun ƙwace ka kuwa?" Zekeriya ya bushe da dariya har yana riƙe haƙarƙari. Sai dariyar ta tsaya. Hannunsa ya taɓo wani ɗan ƙulli a cikin rigarsa, wanda shi ma matarsa ke ɗinke masa tun ba a haifi babban ɗansu ba. Ya matsa shi da yatsa, ya ji tauri irin na ƙarfe, shafal kamar usur.

Rifki Bey ya ajiye cokali ya zura hannu cikin kwat. Dursun ya shafa gefen ƙirji. Tsofaffi biyu da ke wasan dara suka bar allo, kowa yana laluben haƙarƙarinsa na hagu, ba mai kallon wani. Hikmet Usta ya ja kujera ya zauna, ya kurɓi shayinsa.